Hoton Iya Kande na Biyu

A gidanmu na Sule Tankarkar har gobe akwai masu ɗauka cewa hoton biki na je koyo. Kawuna Dogo ne shugabansu. Duk hutun da na je gida sai ya gyara zaman hula ya ce, "Tayyiba, zo ki ɗauke ni, amma ki bar min naman jikina, kada ki fito da ni ƙashi zalla." A yi ta dariya. Ni dai ba na tanka masa, don na san ranar da zai faɗo daga kan amalanke wurina za a kawo shi.

Shekara uku na yi ina koyon ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji. A watanni takwas na ƙarshe makaranta ta tura mu mu huɗu wani asibiti a Gumel, ni da Yazid da Jonah da Lovelyn, aka damƙa mu a hannun Madam Selina. 'Yar Filato ce, gajera, ta fi shekara ashirin a ɗakin hoton nan, kuma Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri. Ba ta yabon kowa. Idan ka yi abin da ya burge ta ƙwarai sai ta ce "to", shi ke nan, ka je ka yi ta murna da "to" ɗinka har sati.

Hoton ƙirji kuwa mun tsayar da juna a gaban allon injin hoto ya fi sau ɗari kafin ta bar mu mu taɓa mara lafiya. Ƙirji ya manne da allo, haɓa sama, bayan hannuwa a ƙugu, a turo kafaɗu gaba, a ja numfashi a riƙe. Idan hoto ya fito a kwamfuta ba ta barin ka ce ya yi kyau. Sai ka ƙirga mata haƙarƙari da baki, ka nuna mata ƙasusuwan wuya biyun nan sun zauna daidai da ƙashin baya, allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu, harafin da ke nuna dama ko hagu yana wurinsa. In ka gama duk wannan kana huci sai ta jefo tambayarta ta ƙarshe, "Akwai abin da ba na jikin mutumin ba?"

Jarrabawar ƙarshe ta zo ranar wata Talata. Dokarta ɗaya ce, kowa ya san ta. Za a ba ka mara lafiya na gaske, ka ɗauki hoto sau ɗaya tak, ka duba shi da kanka, sannan ka cika takarda ka zaɓi ɗaya, hoton ya karɓu ko bai karɓu ba. Idan aka sake ɗauka saboda kuskurenka, ka faɗi, don ka sa an haska bawan Allah sau biyu a banza. Wanda ya faɗi kuma sai baɗi. Ni kuwa baɗi ba ta cikin lissafina. Wani asibiti a Maigatari, kusa da kasuwa, ya yi min alkawarin aiki in na kawo shaidar na ci kafin ƙarshen wata, kuma sun faɗa min ƙarara cewa akwai wani da ke jira a bayana.

Wanda makaranta ta turo ya jarraba mu shi ne Malam Zayyad. Saurayi ne, bai daɗe da dawowa daga karatun digiri na biyu ba, farar rigarsa ta sha guga, biro uku a aljihu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne dai da ke jin daɗin muryarsa. Madam Selina kuma doka ta hana ta magana muddin ana jarrabawa, sai ta ja kujera ta zauna a lungu ta harɗe hannuwa.

Ni ce ta uku. Rabona ya faɗo kan wata tsohuwa, Iya Kande, daga Gagarawa Tasha. Ɗanta Hussaini ne ya kawo ta, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza takardar likita. Wata biyu tana tari. An so a gwada kakinta, ta yi ta ƙoƙari ya ƙi fitowa, shi ne likita ya ce hoto zai raba gardama. In an ga wani abu a huhu, za a ɗora ta kan maganin tarin fuka na wata shida.

Na kai ta bayan labule ta canza kaya. Tana cire mayafi tana ba ni labari kamar mun saba.

"'Yar nan, sun ware min kwano da moɗa. Jikokina ma an hana su shiga ɗakina. Ƙaramar sai ta tsaya a ƙofa tana leƙo ni."

"In Allah ya yarda babu komai, Iya. Ni ma yau jarrabawa ake min, ke ce takardata. In na ce ki riƙe numfashi, ki riƙe min da kyau."

"Ah, to ai sai in riƙe har gobe. Allah ya ba ki sa'a."

Ta cire 'yan kunne, ta cire wata laya da ke wuyanta, ta cire riga. A ƙarƙashi akwai wani tsohon zanen atamfa da ta yi ɗaurin ƙirji da shi. Na miƙa mata rigar asibiti, shuɗiyar nan mai igiya a baya, na ce zanen ma sai an kwance. Ta kalli labulen, wanda iska ke ɗagawa, ta saurari muryar Malam Zayyad da ta samarin nan biyu a waje. Sannan ta kalle ni.

"Jikata, ki rufa min asiri. Maza ne fa a wajen."

A nan na yi kuskurena, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na san doka. Daga ƙugu zuwa sama ba a barin komai sai rigar asibiti. Amma a gidan da na tashi yarinya ba ta cewa sa'ar kakarta ta kwance zani, bakina ya yi nauyi. Na ce a raina atamfa ce da ta sha wanki, ba za ta fito a hoto ba.

"Iya, babu ƙarfe a jiki? Fil ko makulli?"

"Ko allura babu."

Na ɗora mata rigar a kan zanen, muka fito.

Tsayuwar da na yi mata, ko Madam ba za ta fi haka ba. Na ɗaga haɓarta, na ɗora bayan hannuwanta a ƙugu, na turo kafaɗunta gaba. Da ƙirjinta ya taɓa allon na ji wani ɗan ƙwas, ƙarami, na ɗauka allon ne ya motsa. Na manna harafin dama, na koma bayan gilashi. "Iya, ja numfashi. Riƙe!" Ta riƙe kamar ranta ne a ciki. Na danna.

Hoton ya fito a kwamfuta, har ni sai da na ji sanyi a raina. Haƙarƙari goma cif. Ƙasusuwan wuya daidai wa daida. Allon kafaɗa duk sun kauce. Malam Zayyad ya gyara tsayuwa ya yafito sauran.

"Ku zo ku ga yadda ake tsayar da mutum. Kuma ku dubi nan." Ya ɗora bakin biro a saman huhun dama, inda wani farin tabo ya zauna, girmansa kamar ɗan dabino. "Wannan shi ne amfanin hoto mai kyau. Da ta karkace ko kaɗan, da ƙashi ya ɓoye ciwon nan. Irin wannan na gan shi ba adadi."

Ya yi kusan minti biyar yana bayani, Yazid har da rubutawa. Daga nan ya zaro jan biro ya rubuta tamanin da biyu a saman takardata, ya turo min ita. Abin da ya rage kawai in yi alama a gidan "ya karɓu" in sa hannu.

Na ɗauki biron, amma idona ya ƙi barin tabon. Gefensa ɗaya yana da kusurwa, kamar abin da aka fasa da taɓarya. Kewaye da shi kuma akwai wasu siraran layuka da suka tattaru wuri ɗaya, irin tattaruwar bakin buhu in an ɗaure. Na juya na kalli Iya Kande tana zaune a benci tana min murmushi da haƙoranta jajaye. Kakata ma haka haƙoranta suke, kuma na san inda take ajiye abin da ya rina su. Garin taba da ɗan gutsuren kanwa, a ƙulle a haɓar zani, a soke a ƙirji. Wannan ne ƙwas ɗin da na ji.

Ba zan yi ƙarya ba, na so in yi shiru. Na so ƙwarai. Babu wanda ya gani, malamin da kansa ya ce ciwo ne, ga tamanin da biyu da jan biro, ga Maigatari tana jirana. Na saci kallon Madam Selina. Fuskarta ba ta ce komai ba, silin take kallo.

"Malam," na ce, "ina jin wannan ba ciwo ba ne."

"Me kika ce?"

"Ina jin kanwa ce. Ban sa ta kwance zanen ciki ba."

Jonah ya yi wata 'yar dariya ya mayar da ita tari. Kunnuwan Malam Zayyad suka motsa. Mutumin da ya gama cewa ya ga irin ciwon ba adadi, a ce masa kanwa ce a gaban ɗalibai, ai dole ya ji haushi.

"Ke likita ce?" ya ce. "Karanta ciwo ba aikinki ba ne. Aikinki tsayuwa da haske, kuma sun yi. Sa hannu ki ba na baya wuri."

"Ba ciwo nake karantawa ba, Malam. Ina duba ko akwai abin da ba na jikinta ba. Wannan kuwa aikina ne."

Ban jira izininsa ba. Na kama hannun Iya na mayar da ita bayan labule, na durƙusa na ce ta yi min haƙuri ta nuna min abin da ke haɓar zanenta. Ta sa yatsu ta zaro ƙullin, ta kwance. Ga garin taba a 'yar leda, ga kanwa ungurnu, gutsure guda mai kusurwa.

"Au, wannan? Ai ba ƙarfe ba ne, 'yar nan. Ta Maigatari ce, Hussaini ke sayo min."

Na fito da kanwar a tafin hannuna na ajiye a kan tebur kusa da takardata. Malam Zayyad ya daɗe yana kallonta. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, kuma a nan ne na fi jin tsoronsa, don yanzu taimakona yake son yi.

"Saurara, Tayyiba. Kin san doka. In aka sake hoton nan tabon ya ɓace, kuskurenki ne, kin faɗi. In aka sake yana nan, kin haska ta a banza, kin faɗi. Ta kowace hanya kin faɗi. Na riga na rubuta makinki, ba na son in soke. Ki sa alama a 'ya karɓu'. Sai a rubuta wa likita a gefe cewa wataƙila akwai wani abu a tufafinta. In ya ga dama gobe ko jibi ya sake turo ta, lokacin babu ruwan jarrabawa."

Lovelyn ta taka min ƙafa a hankali. Yazid yana min alama da ido in karɓa.

Na san yadda "wataƙila" take ƙarewa a asibitin nan. Likita ɗaya ne, mutum saba'in a layi, zai ɗaga hoto ya ga fari a saman huhun tsohuwa mai tarin wata biyu, ya rubuta magani. In ma ya karanta rubutun gefen ya ce ta dawo, daga Gagarawa Tasha za ta sake hawo mota, bayan ta koma ta tarar da kwanonta a ware. Ban da haka, ni kaina ban san abin da ke bayan kanwar ba. Wataƙila babu komai, wataƙila akwai ciwon gaske da ta rufe. Hoton da ba zai iya faɗin wannan ba, ban ga yadda zan kira shi mai kyau ba.

Raina ya ɓaci, da shi da ni kaina da dokar gaba ɗaya. Na ja takardar, na yi alama a gidan "bai karɓu ba", na danna biron har ya kusa huda takardar.

"Kin san abin da kika yi?" ya ce.

"Na sani, Malam."

"Shekara guda fa."

"Na iya ƙirga, Malam."

Ya ja dogon tsaki, ya soke tamanin da biyun da layi biyu. "To ni ban ba da izinin a sake ba. Ba za a haska mara lafiya sau biyu a jarrabawata ba."

Sai aka ji kujera ta yi ƙara a lungu. Madam Selina ta miƙe.

"Malam, jarrabawar yarinyar nan ta ƙare ko da saura?"

"Ta ƙare. Ta faɗi."

"To madalla, bakina ya buɗe ke nan. Jarrabawa taka ce, inji nawa ne, mara lafiya kuma ta asibiti ce." Ta juyo kaina. "Ke kuma me kike jira? Maza duk su fita waje. Ki kwance mata zanen nan yadda ya kamata ki yi tun farko, sakarya."

Suka fita, har da Malam Zayyad da birukansa. Na rufe ƙofa na sa sakata, abin da da na yi tunaninsa tun farko da duk wannan bai faru ba. Iya Kande ta kwance zanenta ba gardama, ta sa rigar asibiti. Na sake tsayar da ita. Wannan karon ƙirjinta ya taɓa allon shiru.

Hoto na biyu ya fito. Saman huhun dama wasai, babu tabo, babu komai a bayansa. Madam ta sa na ƙirga mata haƙarƙari da baki kamar kullum, na ƙirga. Ta duba ta ƙara dubawa, ta tura wa likita.

Da aka buɗe ƙofa Malam Zayyad ya leƙa kwamfutar sau ɗaya ya kau da kai. Ya cika takardata ya miƙo min in sa hannu a ƙarƙashin sakamakon. A layin dalili ya rubuta, "Gardama da mai jarrabawa."

Na mayar masa da ita.

"Malam, ba wannan ne ya kayar da ni ba. Ka rubuta ban sa mara lafiya ta cire tufafin ciki ba. Shi ne laifina, shi zan sa wa hannu."

"Har yanzu ba ki gaji ba?"

"In dai za a ajiye takardar nan da sunana, a ajiye ta da gaskiya. Na yarda na faɗi. Ban yarda na faɗi don na yi magana ba."

Ya kalli Madam, Madam ta koma kallon silinta. Ya soke, ya rubuta abin da na ce, rubutun ƙanana kamar yana jin ciwon kowane harafi. Na sa hannu.

Daga nan na shige ɗan ɗakin ajiye kaya na rufe, na yi kuka mai isata. Ba kukan jarunta ba ne, kukan baƙin ciki ne, na shekara guda da aikin da na gani da idona ya wuce. Da na share fuska na kira mutumin asibitin Maigatari na ce ya ba na bayana, ban samu ba. Ya ce ayya, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya kashe wayar tun ban amsa ba.

Wajen azahar na fito zan yi alwala, na tarar da su a inuwar darbejiya suna jiran mota. Hussaini ya taso da sauri, bakinsa har kunne.

"Malama, likita ya ce bai ga alamar tarin fuka ba. Ya ce ƙura ce da hayaƙin murhu, ya ba ta maganin sati biyu, in tarin bai tsaya ba mu dawo. Allah ya saka da alheri."

Iya Kande ta yafito ni. Ta riga ta mayar da ƙullinta inda yake, ina ganin tudunsa ta cikin riga.

"Jikata, yaya jarrabawar? Na riƙe miki numfashin da kyau ai, har sau biyu."

"Kin riƙe, Iya. Na faɗi dai."

Murmushin ya bar fuskarta. Ta kai hannu ƙirji. "Don wannan abin?"

"Ba laifinki ba ne. Ni ce na ji nauyinki."

"Yanzu sai yaushe?"

"Sai baɗi."

Ta kalle ni tana motsa baki kamar mai lissafi.

"To da kin yi shirunki mana. Wa zai sani?"

"Da kin sha magani wata shida a banza, Iya, jikokinki suna leƙo ki daga ƙofa."

"Wata shida nawa, ni da na gama cin zamanina. Ke kuma shekara guda cur, da ƙuruciyarki." Ta girgiza kai, idonta ya kawo ruwa, ta kama hannuna ta riƙe gam. "Ke dai wallahi ba ki iya ciniki ba, 'yar nan."

"Ciniki ne ban iya ba, Iya," na ce. "Hoto kam na iya."